An ce ni na koya wa ɗan mai masaukina caca

Assalamu alaikum Baba. Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a wani ƙauye da ke ƙasar Wudil. Ni ba ɗan garin ba ne. Da aka turo ni, wani dattijo da kowa ke kira Alhaji ya ba ni ɗaki a zauren gidansa kyauta, kuma daga cikin gidansa ake fito min da tuwon dare. Ɗansa yana ajina, SS2, kuma duk ajin babu mai kansa a lissafi.

A wannan zangon muka zo kan darasin yiwuwar aukuwar abu. Yarana ba sa son lissafi, rabin ajin gyangyaɗi suke yi. Sai na sayo karta na shiga da ita aji. Na nuna musu guda 52 ce, sarakuna huɗu ne a ciki, na ce wa zai faɗa min rabon da mutum yake da shi na zaro sarki. Baba, ban taɓa ganin ajin ya farka irin na ranar ba. Har 'yan matan da ba sa ɗaga hannu sai da suka yi magana.

Bayan mako biyu aka kama yaron a bayan tasha ranar kasuwa yana kartar kuɗi, ya salwantar da naira dubu takwas, kuɗin man gyaɗar da mahaifiyarsa ta ba shi ya sayar. Da aka matsa masa sai ya ce gwada abin da na koya musu yake yi. Alhaji ya zo makaranta, a gaban ɗalibai ya kira ni malamin caca. Firinsifal ya ce in bar darasin gaba ɗaya in koma bitar log, wato babin logarithm. Yanzu yara suna ce min Malam Joka, wato jokan cikin karta, in na juya baya, log ɗin ma ya ƙi shiga, wasu iyaye kuma sun hana 'ya'yansu zama a darasina. Alhaji ba ya amsa gaisuwata, ko da yake har yau ba a fasa kawo min tuwo ba. Yaron kuwa ko kallon inda nake ba ya yi.

Ni dai ban taɓa yin caca ba, kuma abin da na koyar yana cikin manhaja. Shin in nemi canjin wurin aiki ne, ko in tsaya in kare kaina?

Malamin lissafi, daga ƙasar Wudil

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya huci zuciyarka. A jefe ka da abin da ba ka yi ba akwai ciwo, balle a gaban yaran da kake tsayawa kana koya wa, balle kuma daga bakin mutumin da kake cin tuwon gidansa. Na yarda ba ka yi caca ba, na kuma yarda alheri ka nufa. Sai dai hanyoyi biyun da ka shimfiɗa min babu wadda zan zaɓa maka. In ka tattara ka tafi yanzu, da sunan nan za a riƙa tuna ka a garin, kuma malamin da zai gaje ka ba zai yi gigin taɓa wannan darasi ba. In kuma ka tsaya kana buɗe manhaja kana nuna shafi, za ka ci gardama a ofis, amma a gari babu mai saurarenka, domin Alhaji ba da manhaja yake rigima ba.

Ka ɗan zauna a inda yake zaune. Kai da ka riƙe karta lambobi ka gani a jikinta: gida huɗu, kowane gida 13, rabi ja rabi baƙi. Shi kuwa, kamar kowane dattijo da ya daɗe a karkara, yana iya lissafa maka mutanen da ya sani waɗanda karta ta raba da gona, ta raba da keke, ta raba da mata. Ya san aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida, inda aka jera caca tare da giya aka ce a nisance su, aka kuma ce ta hanyarsu shaiɗan ke jefa gaba tsakanin mutane. Malamai da yawa ma ba sa son a taɓa karta ko babu kwabo a tsakani. Wannan mutum ya ba baƙo ɗaki don ya ji an ce malami ne, ya ɗauka ɗansa ya samu abokin zama na ƙwarai. Rana ɗaya aka zo masa da labarin an kama ɗan nasa a bayan tasha, ranar kasuwa, wato kafin magariba duk ƙauyukan da ke cin kasuwar sun ji. A cikin gida kuma ga matarsa an karya mata jari. Mutumin da kunya ta rufe haka yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi a wajen gidansa, yaron kuma ya miƙo masa kai a sauƙaƙe. Kiran da ya yi maka a gaban yara bai dace ba, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka lura da tuwon nan da ba a fasa ba. Da korarka yake nufi, da kwanon ne zai fara tsayawa. Yana fushi ne, yana kuma jiran ka zo.

Naka ɓangaren kaɗan ne, amma akwai shi. Ka shiga aji da abin da garin ke ƙyama ba tare da ka shawarci firinsifal ko wani tsohon malami ɗan garin ba. Da ka tambaya, da cikin minti ɗaya an ce maka ka nemi wani abin. Wannan ba zunubi ba ne, rashin sanin gari ne, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yanzu ga abin da nake ganin kowa ya tsallake, har da kai. Wasiƙarka ta yi maganar Alhaji da firinsifal da sunan da ake kiranka, yaron kuwa layi ɗaya ya samu. Shi ne ke cikin hatsari. Zatona, kuma zato ne kawai, yaron da ya san inda ake zama a bayan tasha, aka kuma yarda ya zauna da kuɗi, da wuya a ce a ranar ya fara leƙa wurin. Kada ka kuskura ka faɗa wa Alhaji haka, zai ji kamar ka ce bai iya tarbiyya ba. Amma maganar da yaron ya yi ma kada ka watsar da ita a matsayin ƙarya tsagwaronta. Yaro mai kaifin kai da ya gane cewa rabon zaro sarki 4 ne cikin 52, wato 1 cikin 13, ya kuma gane cewa in an cire sarki ɗaya saura 3 cikin 51, sai ya ji ya mallaki wani sirri da 'yan tasha ba su da shi. Abin da bai kai ga koya ba shi ne rabin darasin na biyu, wanda ke nuna yadda rabo ke narkewa in aka jera shi sau da yawa, da yadda mai cirar la'ada ke kwashe kuɗin kowa a hankali. Ka tsaya a tsakiya, firinsifal kuma ya ce kada ka ƙarasa. A ganina wannan umarni shi ne mafi cutarwa a duk labarin, domin ya bar aji guda da rabin sani. Aikinka shi ne ka samu izinin ƙarasawa, ba da karta ba. Kuma abin daɗin shi ne ƙarasawar da log ake yin ta, log ɗin da kake cewa ya ƙi shiga.

Kafin aji, sai an gyara gida. In kartar nan tana ɗakinka a zauren Alhaji, yau ta bar gidan. Ka kai wa firinsifal ka ce ya yi yadda ya ga dama da ita. Daga nan ka je wurin limamin garin, ko mai unguwa in shi Alhaji ya fi jin nauyi, ka ba shi labari yadda ya faru, ka roƙe shi ya raka ka. Ku je bayan sallar isha'i, a zaure, ba a majalisa ba, don dattijo ba ya son a gan shi yana saukowa a gaban jama'a. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka yi magana gajeriya: Baba, na zo ba da haƙuri ne, na shigar da karta aji ban shawarci manya ba, ba zan sake ba, yaron nan ƙanina ne, ina neman izini in taya ku kama shi. Shi ke nan. Kada kalmar "amma" ta fito daga bakinka a wannan daren. In ya yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka bar liman ya yi aikinsa. Bayanin abin da darasin ke nufi yana da ranarsa, kuma ya fi kyau ya fito daga bakin liman bayan kai ka nuna masa.

Wataƙila zuciyarka ta raya maka ka biya dubu takwas ɗin don a wuce wurin. Kada ka biya. In ka biya, ka amsa laifin da ba naka ba, yaron kuma ya koyi cewa wani ne ke ɗaukar asararsa. Shi zai biya, da ƙwadago a gonar wani ko da dakon kasuwa, kaɗan-kaɗan har ya cika. In kana son ka faranta wa mahaifiyarsa, ka riƙa aikawa ana sayo maka man girki da ƙuli-ƙuli a wurinta, ka biya lakadan.

Firinsifal kuma kada ka ɗauke shi matsoraci. Shugaban makarantar ƙauye kullum lallashin iyaye yake yi su bar yara su zo, musamman da damina da kaka, kuma ya san rigima ɗaya tana iya kwashe masa rabin aji. Ka same shi shi kaɗai, da rubutaccen tsarin darasinka a hannu. Ka tuna masa cewa wannan babi yana cikin abin da WAEC da NECO ke tambaya, kuma in aka tsallake shi yaran ne za su biya a ɗakin jarrabawa baɗi. Ka ce masa babu karta, babu wani abin wasa, kuma kana roƙon ya zo ya zauna a bayan aji ya gani da idonsa. In zai yiwu a gayyato shugaban ƙungiyar iyaye da malamai su zauna tare, ya fi. Mutum biyu da suka ga darasin da idonsu za su kashe jita-jitar fiye da duk bayanin da za ka yi.

Ga yadda zan so su tarar da ajin. Ka zo da ƙoƙo da wake ƙwaya 52, iri ɗaya, ka shafa wa huɗu jan tawada. Kada ka haɗa farin wake da jan wake, girmansu ba ɗaya ba ne, kuma akwai ɗan bayan aji da zai gane su da yatsa. Lissafin bai canza ba ko kaɗan: 4 cikin 52, 1 cikin 13. Kowa ya rufe ido ya zaro ɗaya, a rubuta a allo, a mayar, a girgiza. Za su ga da kansu cewa ana iya zarowa sau 13 ja bai fito ba, wani lokaci kuma ya fito sau biyu a jere. Sai ka jefa musu tambaya: sau nawa za a zaro kafin rabon ganin ja, ko da sau ɗaya, ya haura rabi? Yawancinsu za su ce shida ko bakwai, don sun raba 13 biyu. Ka bar su su yi musu. Sannan ka nuna musu cewa rashin ganin ja a zara ɗaya 12 ne cikin 13, a zara biyu sai a ninka shi da kansa, haka har gaba, kuma abin da ake nema shi ne sau nawa za a ninka kafin ya faɗo ƙasa da rabi. Su buɗe fo-figa, wato littafin teburin log. Log na 13 shi ne 1.1139, na 12 kuma 1.0792, bambancinsu 0.0347. Log na 2 shi ne 0.3010. A raba 0.3010 da 0.0347, a samu 8.67. Amsa tara ke nan, ba bakwai ba. Yaron da ya yi rantsuwa a kan bakwai zai so ya san ta ina teburin nan ya kayar da shi, kuma wannan son sanin shi ne abin da log ɗinka ya rasa.

Don ni ban yarda sunan Malam Joka ne ya hana log shiga ba. A yawancin makarantunmu ana miƙa wa yaro teburi ne a ce ya duba layi ya duba ginshiƙi ya kwafa, ba a taɓa gaya masa tambayar da teburin ke amsawa ba. Log amsar tambaya ɗaya ce: goma nawa za a jera a ninka kafin a kai wannan adadi? Goma sau goma sau goma dubu ne, saboda haka log na 1000 shi ne 3. John Napier, mutumin Sikotilan, ya fitar da wannan dabara a 1614 don a mayar da ninkawa mai wuya ta zama tarawa, a zamanin da masu nazarin taurari ke kwana suna ninka dogayen lambobi da hannu, Henry Briggs kuma ya ɗora ta a kan goma, irin wadda ke cikin fo-figar yaranka. In ka gwada su za ka tarar matsalar a baya take: ba su zauna a kan dokokin ɗaga lamba, wato indices, ba, kuma lambar da ke ƙasa da sifili tana ruɗa su, shi ya sa da sun ga lamba mai sanda a ka sai su ajiye biro. Ka ba waɗannan biyun mako guda cur, ko da za ka makara a tsarin zango. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma SS3 ba wurin gyara tushe ba ne.

Bayan wake, sai ka kawo misalin da zai sa liman da firinsifal su gyara zama. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin genotype, wato irin jinin da aka gada, saboda sikila. Limamai ne ke ɗaura aure, saboda haka maganar ta shafe su kai tsaye. In miji AS ne mata ma AS, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila amma ba su da ciwon, kowane ciki yana da rabon 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato mai ciwon. Mutane da yawa suna ɗauka cewa in ɗan fari ya zo da ciwon, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ba haka ba ne, kowane ciki sabon lissafi ne, kamar waken da aka mayar ƙoƙo. Rabon a haifi huɗu babu mai SS ko ɗaya shi ne 3 cikin 4 a ninka sau huɗu, wato 81 cikin 256, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Da log kuma za su gano cewa daga haihuwa ta uku rabon samun mai ciwon, ko da ɗaya, ya riga ya haura rabi: 0.3010 a raba da 0.1249 ya ba da 2.4. Ka koyar da wannan da taushin murya, don da wuya a rasa wanda ke da ɗan'uwa mai sikila a ajin, ko wanda shi ke ɗauke da ita.

In wani ya ce maka ai wannan duba ne, ko shiga hurumin ƙaddara, ka amsa a natse. Lissafin yiwuwa bai taɓa cewa ga abin da zai faru gobe ba. Ƙirga hanyoyi kawai yake yi, ya ce wannan ta fi waccan yawa. Manomin da ke zuba ƙwaya uku ko huɗu a rami ɗaya don ya san ba kowace ke tsirowa ba, shi ma abin da yake yi ke nan, kuma da shi ake yin hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara. In kuma aka tambaye ka asalinsa, kada ka yi kwana-kwana. Gaskiya ne wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi wa juna a Faransa a 1654, waɗanda ake ɗauka tushen fannin, a kan tambayar wani ɗan caca aka faro su. Abin da fannin ya tabbatar daga baya kuwa bai yi wa 'yan caca daɗi ba.

Wannan ya kawo mu kan misali na ƙarshe, wanda shi ne na yaron da abokansa, kuma sai ka nemi amincewar firinsifal kafin ka yi shi. Kartar bayan tasha tsohuwar caca ce. Wadda ke cin samari yanzu tana cikin waya, ta hasashen wasan ƙwallo, inda ake jera wasanni da yawa a tikiti ɗaya don ɗan kuɗi ya zama mai yawa. Ka ce musu mu ɗauka kowane wasa canka ne tsakanin abu biyu. Wasa goma a jere rabonsa 1 ne cikin 1024. Wani zai ce ai shi ya san ƙwallo. To, a ba shi: a ce a kowane wasa goma yana cankar shida daidai. Su duba log na 0.6, za su ga 7782 da ɗaya mai sanda a ka a gabanta. A ninka sau goma, a koma antilog, wato teburin da ke mayar da log lamba, a samu kusan 0.006. Wato gwanin da ke cankar shida cikin goma, tikitinsa na wasa goma sau shida kacal zai ci a cikin dubu. Ka rubuta lambar a allo ka yi shiru. Ba sai ka yi wa'azi ba, wa'azi na liman ne, kuma in ya ga lambar zai san yadda zai yi da ita ranar Juma'a.

Wani abu da kada ka manta: a takardar jarrabawa za su haɗu da kwabo da ƙwallaye a jaka da ɗan ludo mai fuska shida, wani lokaci har da karta. Dole su san su, amma a kan allo. Kada ka ce ka bar karta ka shigo da ɗan ludo a aljihu, don akwai hadisi a Sahihu Muslim mai tsananin gargaɗi a kan wasan nardu, wanda da irin wannan ɗan ake yin sa, kuma malaman garin sun san shi. Ka zana teburi mai layi shida da ginshiƙi shida, gida 36, su ƙirga da kansu su ga jimlar bakwai tana fitowa sau shida. Karta ma ka zana ta a matsayin teburi mai layi huɗu da ginshiƙi 13. Ya wadatar.

Shi yaron, kada ka kira shi a gaban aji, kada kuma ka tambaye shi dalilin da ya sa ya ambaci sunanka. Ya sani, kunyar ce ta hana shi kallonka. Bayan ka daidaita da mahaifinsa, ka same shi shi kaɗai, ka ce masa maganar ta wuce a wurinka, kana da aiki da kake son ya taya ka. Ba shi lissafin tikitin nan ya yi da hannunsa kafin ranar darasin, ya kuma lissafa maka abin da zai rage a tsakanin 'yan wasa in mai wuri yana cire kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da aka zuba a kowane zagaye. In duk kuɗin ake zubawa, zai gano cewa a zagaye na bakwai fiye da rabi ya koma aljihun wanda ko zama bai yi ba. Yaro mai kai irin wannan ba ya jin "bari", amma yana jin haushin a ce an yi masa wayo. Ka kuma nuna masa cewa kansa yana da kasuwar da ta fi bayan tasha: ga jami'ar kimiyya da fasaha nan a Wudil, kusa da gida, kuma lissafi ne mabuɗin shigarta. In ka ga alamar abin ya yi nisa, yana cin bashi ko kaya suna ɓacewa a gida, to ya fi ƙarfinka kai kaɗai, sai ka sanar da liman a asirce a san yadda za a gaya wa Alhaji.

Sunan Malam Joka kuwa ka bar shi ya mutu da kansa. In ka ɗaga bulala a kansa, ka ba shi rai har yaran su gama makaranta. Iyayen da suka janye 'ya'yansu ma ba sai ka bi su gida-gida ba, yawancinsu Alhaji suke kallo, ranar da aka ga ya amsa gaisuwarka a ƙofar masallaci za ka ga kujerun sun cika.

Mai yiwuwa ka yi duk wannan Alhaji ya ƙi saukowa. In haka ta faru, ka ci gaba da gaishe shi safe da yamma ko bai amsa ba, ka ba abin zango guda. In zaman ya yi nauyi, ka nemi ɗaki a wani wuri, amma ka yi sallama ta mutunci, ta bakin liman, da godiyar masauki da abinci, kada a wayi gari a ga ɗaki a buɗe babu kowa. In firinsifal ya kafe a kan a bar babin, ka roƙe shi ya bar wani malami ya koyar da shi, ko a ɗaga shi zuwa zango na uku lokacin da ƙura ta lafa, kai kuma ka riƙa saƙa misalan wake da na sikila a cikin darasin log, don babu wanda ya hana ka wannan. In kuwa maganar ta fita daga hannun gari, wani ya kai ƙara wurin dagaci ko Hisbah, kada ka je kai kaɗai: ka tafi da firinsifal da tsarin darasinka, ka kuma sanar da wakilin ƙungiyar malamai na makarantarku tun da wuri. Canjin wurin aiki ka ajiye shi a matsayin mataki na ƙarshe. In har ya zama dole, ka nema a ƙarshen shekarar karatu ta hannun firinsifal, bayan ka ƙarasa wa wannan ajin darasin yiwuwar nan kuma yaron ya biya mahaifiyarsa kuɗinta.